Tambarin Kayan Cin Abinci Masu Ruwan Azurfa

Kayan ruwan azurfa su ne cokula, farantai, tire da butocin shayi da aka ƙera da ƙarfe mai araha, aka lulluɓe shi da siririyar azurfa. Tambarin da ake bugawa a bayan mariƙin cokali ko a gindin buta shi ke nuna maƙerin, wani lokaci har da shekarar ƙira. Sai dai tambarin kamfani ne, ba hatimin hukuma ba, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗewa.

A Ingila, azurfa zalla sai ta bi ta ofishin gwaji kafin a buga mata hatimi. Zaki mai tafiya, ƙafar gabansa ɗaya a ɗage, yana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Kusa da shi akwai alamar gari: kan damisa na Landan, anka (ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa) ta Birmingham, kambi na Sheffield har zuwa 1974, sannan harafin shekara. Kayan ruwa ba su da wannan. Abin da kamfanoni suka yi shi ne jera ƙananan haruffa masu lanƙwasa, kowanne a cikin garkuwarsa, yadda daga nesa za a ɗauka hatimi ne. In babu zaki a tsofaffin kayan Ingila, a fara zargin ruwa ne.

Haruffan ma suna tona asiri. EPNS na nufin an hau da azurfa ta hanyar lantarki a kan gaurayen jan ƙarfe, nikel da tutiya, wanda ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa. EPBM kuwa a kan gaurayen da kuza ta fi yawa ne. Yana da taushi, yana saurin lotsawa, kuma yakan narke a hannun mai gyara in wuta ta yi yawa. A1 kirarin kamfani ne kawai, doka ba ta ƙayyade kaurinsa ba. Wannan dabarar lantarki kamfanin Elkington na Birmingham ne ya yi rajistarta a 1840, don haka duk abin da ke ɗauke da EP bai girmi wannan shekara ba. Kafin nan, tun wajajen 1743, hanyar Thomas Boulsover ake bi a Sheffield, inda ake manna azurfa da jan ƙarfe da wuta. Irin waɗannan sau da yawa ba su da tambari. Jan da ke leƙowa a gefuna shi ne shaida.

Wasu maƙeran da hoto ake gane su: ƙaho mai ratayen tuta na James Dixon & Sons ne, tuta mai tsini ɗauke da W&H ta Walker & Hall ce, sikeli kuma na Christofle na Faransa.

Lambobi ne suka fi yaudara. "1847 Rogers Bros." na Amurka sunan kaya ne, ba shekarar ƙira ba. Lamba 90 a cokalin Jamus ba ta nufin kashi 90 cikin ɗari. Giram 90 na azurfa ne aka raba wa cokula 12 da masu yatsu 12. Amma 800 ko 835 azurfa ce ta gaske. A Ingila, alamar rajistar zane mai siffar lu'ulu'u an yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma "Rd" da lamba. Dukansu lokacin rajistar zane suke nunawa, mai yiwuwa an ci gaba da ƙera kayan shekaru da dama bayan haka.

Wajen dubawa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane da ƙyalle mai laushi, a sa gilashin da ke ƙara girma sau goma, haske na zuwa daga gefe don ramin haruffa ya yi inuwa. Kada a dirje da toka ko soson ƙarfe, domin suna cinye ruwan azurfar har su dusashe tambarin. Maganaɗisu ba ya raba gardama, tunda ba ya kama azurfa kuma ba ya kama EPNS. Gwamma a duba ƙeyar cokali inda yake taɓa tebur: in launin ɗorawa-ɗorawa ya bayyana a wurin, ƙarfen ƙasa ne ya fito.