Rawar iyaye da malamai a karatun sakandare a Damagaram

A Damagaram, kamar sauran jihohin Nijar, karatun sakandare zango biyu ne: shekara 4 a kolej da ake rufewa da jarrabawar BEPC, sai shekara 3 a lise har zuwa BAC. Ana ba da maki bisa 20. Ɗalibin da matsakaicin makinsa na shekara bai kai 10 ba yakan maimaita aji, in ya sake faɗuwa ana iya sallamarsa. Lise Amadu Kuran Daga na daga cikin sanannun makarantun birnin.

Da Faransanci ake koyar da yawancin darussa, alhali iyaye da dama karatun allo suka yi, ba boko ba. Saboda haka gudummawarsu ba a gyara lissafi ko nahawu take ba. Tana cikin abubuwan da ake rainawa: ɗauke wa yarinya talla da ɗiban ruwa lokacin bita, samar da fitila da dare, karɓar takardar sakamako a sa wani ya karanta, da leƙawa makaranta tun kafin darakta ya aiko kira. Yaron da ya san za a tambaye shi makinsa ba ya wasa kamar wanda aka sake wa mara. A hukumance, iyaye na shiga harkar ta ƙungiyar iyayen ɗalibai ta APE, da ta iyaye mata AME, da kwamitin tafiyar da makaranta na COGES, wanda kan kula da kuɗin gudummawa, benci da gyaran ajin zana.

Matsalar ta fi tsanani ga yaran karkara. Wanda ya ci nasarar shiga kolej daga ƙauyen da ba shi da ita, a yankin Mirya ko Magarya, sai ya zauna wurin mai masauki, nesa da idon uwa da uba. Nan ne 'yan mata da yawa ke yanke karatu, wasu a yi musu aure.

Ɓangaren malamai kuwa, da yawansu 'yan kwantaragi ne, kuma jinkirin albashi kan jawo yajin aiki da ke cinye makonni, ga na ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa, USN. A aji mai cunkoso, malamin da ke gyara takardu da wuri, ya kuma aika wa gida in yaro ya fara fashi, shi ne ke gano mai rauni tun da sauran lokaci. Masu hali kan cike giɓin da darussan yamma na biya.