Cizal mai lanƙwasasshen wuya: na wane aiki ne?

Cikin tarkacen ƙarfen da 'yan gwangwan ke haɗowa daga tsofaffin gidajen unguwannin Ebute Metta da Yaba a Legas, akan tsinci wani dogon cizal mai kauri, wanda bakinsa ya tanƙware kamar ƙugiya.

Shin lanƙwashewa ya yi don wahala?

A'a, haka aka ƙera shi. Kada a kai wa maƙeri ya miƙar, domin wuta za ta kashe taurin ƙarfen, a tashi ba cizal ba kuɗi.

To me kafinta ke yi da shi?

Ramin kubar ƙofa. Irin kubar nan da ake nutsawa cikin cikin katako tana son rami siriri mai zurfi a gefen ƙyaure. Da farko kafinta zai jera huji da mahuji, ya sare tsakaninsu da miƙaƙƙen cizal. A can ƙasan ramin ne aiki ke cijewa: miƙaƙƙen ba ya iya kwankwatso abin da ya saura, in ka matsa masa kuma ya ɓantare leɓen ramin. Nan ake zura wannan. Doron lanƙwasar ya jingina da bangon ramin daga ciki, a danna ƙota, bakin ya kankaro gindin ya fito da ɓawon. A katako mai tauri irin loko, wanda ya taɓa wannan aiki ya san daɗinsa.

Ta yaya za a bambanta shi da 'yan uwansa?

Dubi bakin. In kwarmi gare shi, na masu sassaƙa ne. In kusurwa ce mai fuska biyu, na gyara lungun rami ne. In ƙarami ne mai baki a kowane kai, na kubar durowa ne.

Daga ina ya zo?

A jiƙa shi da kananzir, a goge tsatsar a hankali kusa da ƙota. Sau da yawa za a ga an buga Sheffield, garin maƙeran Ingila, da sunan kamfani irin Marples ko Sorby. Samfefa mai kaushi na cinye wannan rubutu, alhali shi mai saye zai fara nema.

A sayar a kilo?

Ni dai ban ba da shawara ba. Injin ya karɓe wannan aiki, gaskiya ne, amma a fara nuna wa dattijon kafinta mai gyaran tsofaffin ƙofofi kafin a ɗora shi kan sikeli.