Farin zanen kan titi haƙƙin mai ƙafa ne

Direbobi da yawa sun tashi da imanin cewa kwalta ta mai mota ce, mai tafiya a ƙafa kuwa ya jira har ya samu sarari. Shi ya sa za ka ga tsohuwa riƙe da hannun jikanta a kan fararen layukan nan masu kama da jikin jakin dawa, mai adaidaita sahu yana danna mata hon kamar ita ce ta yi laifi. Abin yana ci mini rai.

Kundin dokokin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke aiki da shi ya fayyace: da zarar mutum ya sa ƙafa a kan zanen, wajibi ne direba ya tsaya. Haramun ne kuma ka sha gaban motar da ta tsaya don wani ya tsallaka, domin ba ka ganin wanda ke gabanta.

Mai ƙafa ma doka ta hau kansa. A Legas, wanda ya bar gadar sama ya ratsa titin Ikorodu da gudu, jami'ai kan kama shi su kai shi kotun tafi-da-gidanka.