Me ake nufi da "sintetik" a jikin galan ɗin baƙin mai?

Duk wanda ya shiga Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos, neman baƙin mai a 'yan shekarun nan ya ci karo da kalmar. Kafin ka gama sallama yaron shago ya tare ka: "Alhaji, sintetik za a kawo ko odinari?" Tana jikin galan, tana bakin direbobin tasha, tana tallan rediyo. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wani shirin motoci da na saurara da safe, inda mai gabatarwa ya ce da cikakken ƙarfin gwiwa wai sintetik na nufin mai marar kauri, na ƙasashen ƙanƙara, wanda bai dace da motocinmu ba. Wani ya bugo waya ya ƙara da cewa ai sunan ma ya nuna na roba ne, kamar yadin leda. Babu wanda ya gyara musu, kuma mutane nawa ne suka ji suka ɗauka.

Na fahimci inda mai bugo wayar ya samo tasa. A kasuwar yadi, sintetik shi ne wanda ba auduga ba, mai zafi a jiki, mai arha. To amma asalin kalmar daga Girkanci take, kuma ma'anarta harhaɗawa: ka ɗauki ƙananan abubuwa ka gina wani abu da su. Babu batun jabu ko na gaske a cikinta. Baƙin mai na odinari daga ɗanyen mai ake tace shi, a cire abin da za a iya cirewa, a bar sauran. Ƙwayoyin da ke cikinsa ba girmansu ɗaya ba, kamar tsakuwar bakin rafi, kuma akwai ragowar kaki a ciki. Shi kuwa sintetik na ainihi, ƙwayoyinsa ginawa ake yi a masana'anta, su fito kusan kai ɗaya, babu kakin. Jamusawa sun yi nisa a wannan fanni tun kafin yaƙin duniya na biyu. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka fito da hanyar mayar da iskar gas ta zama mai. Motocin gida kuwa sai a shekarun 1970 ya iso gare su sosai: Amsoil a 1972, Mobil 1 a 1974.

Kalmar ke nan. Tana faɗa maka yadda aka yi man. Ba ta ce komai a kan kaurinsa ba, kuma nan ne ruɗanin da ke ɓata mini rai yake.

Kauri yana cikin lambobin nan da kowa ke gani amma kaɗan ke karantawa: 20W-50, 10W-40, 5W-30. Harafin W farkon kalmar Turanci ce mai nufin hunturu. Lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudana a sanyi, ta bayansa kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi, a digiri 100. Akwai sintetik 10W-60, wanda a zafi ya fi 20W-50 ɗin da direbobinmu suka amince da shi kauri. Akwai kuma odinari 10W-30 mai tsinkewa. Saboda haka idan mutum ya ce "ba na son sintetik, ruwa ne," daidai yake da ya ce ba ya son tuwon da aka tuƙa a kan gas don ya fi son mai tauri. Taurin tuwo a hannun mai tuƙi yake da yawan garin da ya zuba.

Bara ƙanina ya sauke injin tsohuwar BMW ɗinsa mai silinda shida, irin wadda samari ke so saboda gudu. An rebora bulo, an sa sababbin fistin da ringi, an goge karanshaf an sa mital daidai da shi, ya kuma sa kamshaf mai ɗan zafi fiye da na asali, wato mai ƙara wa inji ƙarfi. Kuɗin da ya zuba sun isa sayen wata ƙaramar motar. Aikin ya ƙare a tsakiyar Disamba, lokacin da Jos ke Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a wasu dararen hunturu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Duk matar da ke ajiye manja a kicin a Bukuru ko Rayfield ta san yadda yake wayar gari a daskare, sai an kai kwalbar kusa da wuta. Ranar da za a tada injin sai ga shi da galan mafi tsada da ya samu, 0W-20, an rubuta fuli sintetik da manyan haruffa. Ya ce mini, "Yaya, wannan shi ne ƙarshe. An ce har a ƙanƙara yana gudu."

Bakaniken da ya ɗaura injin dattijo ne, ya fara aiki tun zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Ya karɓi galan ɗin, ya juya shi, ya ajiye a kan benci. Ya ce, "Ɗana, mai ne mai kyau, amma ba na wannan injin ba ne, kuma ba na yau ba ne." Maganganu biyu ne ya haɗa a jimla ɗaya, kuma kowacce na da dalilinta.

Ta farko batun rata ce. Tsakanin karanshaf da mital akwai ɗan fili da bai kai kaurin silin gashi ba, kuma a cikin wannan filin ne mai ke shimfiɗa kansa ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Sababbin motocin da aka rubuta musu 0W-20 an ƙera su da matsattsiyar rata da famfon mai da ya dace da hakan. Injin da aka ƙera a shekarun 1990, aka kuma sake gogewa a nan gida, ratarsa ta fi faɗi, musamman idan mai ɗaurin ya sassauta ta da gangan saboda za a riƙa taka motar. Ka zuba masa mai tsinkakke, ka hau Hawan Kibo da shi da rana tsaka, man ya yi zafi ya ƙara tsinkewa, ƙarfin turinsa ya faɗi, shimfiɗar ta yi siriri. Daga nan ne ake jin inji ya buga. Sai a ce sintetik ne ya kashe shi, alhali lambar 20 ɗin ƙarshe ce ba ta dace ba. Da odinari mai wannan lambar aka zuba, da abin ya fi muni.

Ta biyu batun lokaci ce. Bayan an rebora silinda, ana goge cikinta da dutse a bar wasu ƙananan zane-zane masu gicciye. Dattijon ya sa ƙanina ya shafa cikin wani bulo da ke gefe da ɗan yatsa, ya ji ɗan kaushin. Sabon ringi yana bukatar ya gogu da wannan kaushin a farkon tafiya har su saba da juna, abin da makanikai ke cewa ringi ya zauna. Idan bai zauna ba, inji zai riƙa shan mai yana hayaƙi duk da sabo ne. Shi ya sa masu ɗaurin inji da yawa suka fi son a fara da odinari, ko man da aka yi musamman don wannan matakin, a yi kilomita 800 zuwa 1,500 ana sauya gudu, ba a barin inji a sulo na dogon lokaci, sannan a juye. Akwai masu musun wannan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: motocin Porsche da Corvette suna fitowa daga masana'anta da sintetik a cikinsu tun ranar farko. Gaskiya ne. Amma gugar da injinan masana'anta ke yi wa silinda daban take da wadda ake samu a shagon rebora na unguwa, ko a nan ko a Amurka. Ni ina bayan dattijon. Man da za a zubar bayan mako biyu ma, me ya sa zai zama mafi tsada a kasuwa?

Akwai kuma sinadarin zinki da ake sa wa mai don kare wuraren da ƙarfe ke murza ƙarfe kai tsaye, kamar tsakanin kamshaf da tafet. An rage shi a mafi yawan sababbin mayuka masu tsinkewa, domin fosforas ɗin da ke tare da shi yana lalata katalis ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi. Sabon kamshaf mai zafi kuwa a sa'o'insa na farko ya fi bukatarsa. Kalmar sintetik ba ta gaya maka ko akwai shi da yawa ko babu.

To ina amfanin sintetik ɗin a sanyin Jos? Yana da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Sai dai kada a zuzuta sanyin namu. Ana gwada mai 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, shi kansa 20W a 15 ƙasa da sifili. Babu ɗaya daga cikinsu da zai daskare a Filato. Abin da ke faruwa a nan jinkiri ne. Da asuba, 20W-50 ya ninka 5W-40 kauri fiye da sau biyu, saboda haka yakan ɗauki lokaci kafin famfo ya tura shi sama zuwa kan inji. Ƙarar nan ta kaf-kaf-kaf da kake ji na 'yan daƙiƙu idan ka tada mota za ka masallaci, tafet ne ke jiran mai. A tsohon injin tasi da ya riga ya sassauta, wannan ba wani abu ba ne. A injin da aka kashe wa dukiya, waɗannan daƙiƙun kullum safiya suna taruwa. Abin da sintetik ya fi odinari da shi shi ne bai cika sauya hali ba: ba ya yin kauri sosai a sanyi, ba ya tsinkewa sosai a zafi, kuma yana jure wuta ba tare da saurin ƙonewa ya zama dauɗa ba. Shi ya sa ya fi sauƙi a samu 5W-40 nagari a sintetik, mai gudu da asuba kamar siriri, mai riƙe jikinsa da rana kamar kakkaura. Garin da safiyarsa ke sa mutum rigar sanyi biyu, sa'a biyu bayan nan kuma yana gangarawa zafin Akwanga, irin wannan man yake so.

Duk da haka kalmar da kanta ta riga ta yi laushi, kuma ba 'yan Dilimi ne suka lausasa ta ba. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen baƙin mai gida biyar. Na ɗaya da na biyu odinari ne. Na huɗu ginanne ne na ainihi, na biyar kuma ya haɗa duk sauran da ba su shiga huɗun ba, ciki har da wasu ginannun. Na uku ɗanyen mai ne da aka sarrafa da haidirojin a matsanancin zafi da matsi har ƙwayoyinsa suka sauya siffa. A 1999 Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace ta 'yan kasuwar Amurka saboda yana kiran man rukuni na uku sintetik, hukumar kuma ta ce Castrol na iya kiransa haka. Tun daga lokacin mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna na rukuni na uku ne. Ba mummunan mai ba ne, yana aiki sosai, ni ma shi nake zubawa. Amma ina ganin mai saye ya cancanci a gaya masa abin da ya saya, kamar yadda ake bambanta su a jikin galan a Jamus. Na semi-sintetik kuwa, wato gaurayen sintetik da odinari, babu wata ƙa'ida ta duniya da ta ce ga yawan sintetik ɗin da dole a sa. Wannan gaurayen ma ya isa ya kashe zancen da ake yi cewa wai idan ka fara sintetik ba ka isa ka koma odinari ba, ko kuma haɗuwarsu na lalata inji.

Kuma rubutu a jikin galan ba ya hana a cika shi da wani abu daban. Gwamma odinari na gaske daga dila da ka sani da fuli sintetik na bakin titi mai rabin kuɗi. A duba hatimin murfi, a duba lambar API, irin su SN ko SP, a duba littafin motar, domin motocin wancan zamanin suna da jadawalin da ke nuna kaurin da ya dace da zafin gari.

Ƙanina ya mayar da galan ɗinsa ya karɓo odinari 15W-40. Dattijon ya tsinke wutar filogi ya juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ya tada shi. Bayan kilomita 800 aka juye, ya ɗaga kwanon a rana ya nuna mana ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man, ya ce wannan shi ne ringi da silinda suna sabawa. Aka canja filta, aka ƙara wani zagayen da odinari, sai a juye na uku aka zuba sintetik 5W-40. Ya kafa masa sharaɗi biyu. Da safe ya ba injin kamar minti ɗaya, ya tashi a hankali, kada ya taka shi sai ya yi tafiyar minti goma ko fiye, domin allurar zafi ruwa take aunawa, mai kuwa yana baya. Sannan kada ya bi dogon zangon da aka rubuta a galan, ya riƙa juyewa a kilomita 5,000 muddin ana ƙurar hunturu, ya kuma riƙa buɗe filtar iska duk mako biyu yana dubawa.