Haɗa intanet na cikin gida: tambayoyi da amsoshi

Me ake buƙata kafin a fara?

Na'urori biyu ne ginshiƙi: modem da rauta. Modem ce ƙofar da intanet ke shigowa ta ciki daga kamfanin da kake biya, rauta kuma ita ke raba shi ga kwamfuta, waya, talabijin da firinta. Sau da yawa a akwati ɗaya suke zuwa. Rauta ce ke ba kowace na'ura adireshinta, ba sai ka rubuta komai ba.

Kebul ya fi, ko Wi-Fi?

Duk na'urar da ba ta motsi, a ja mata kebul. Samfurin Cat5e na ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, kuma bango ba ya rage masa ƙarfi. A bar wa wayoyi da laftof Wi-Fi.

A ina ya kamata rauta ta zauna?

Nan ne ake yawan yin asara. Sai ka ga an kashe kuɗi an sayi rauta mai kyau, an cusa ta bayan talabijin ko cikin kabad, ƙura ta lulluɓe fitilunta, sannan ana ta kukan intanet ba ya ja. Sigina ta kowane ɓangare yake bazuwa, saboda haka tsakiyar gida ya dace da ita, a sama, a fili. Bangon siminti, ƙarfe, madubi da tankin ruwa duk suna cinye shi. Kafin ka sayi wata sabuwa, ɗaga wadda kake da ita ka sauya mata wuri, ka zagaya ɗaki-ɗaki da wayarka kana duban sandunan sigina.

Me ya sa nake ganin 2.4 da 5 a sunan Wi-Fi?

Zangon sigina biyu ne da rauta ke watsa Wi-Fi a kansu. Na 2.4 GHz ya fi kai wa nesa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa: Bluetooth da murhun maikurowef duk a nan suke. Na 5 GHz ya fi sauri, sai dai ba ya nisa. Kana kusa, hau 5. Ka yi nisa, koma 2.4.

Batun tsaro fa?

Wannan kam ina roƙo kada a yi masa sakaci. Kalmar sirri biyu ce, mutane ɗaya suka sani. Akwai ta shiga Wi-Fi, akwai ta shiga saitin rautar kanta. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙasan rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka canza kalmar da ta zo da ita daga masana'anta, don irin waɗannan kalmomi a fili suke a intanet. A cikin saitin, zaɓi tsarin kulle Wi-Fi na WPA3 da ya fito a 2018, ko WPA2 in na'urorinka tsofaffi ne. Tsohon tsarin WEP kuwa an daɗe da fasa shi. Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da maɓalli ko lambar PIN ba tare da kalmar sirri ba, ka riƙa sabunta manhajar rautar. Baƙi kuma ka buɗe masu layin baƙi, su sami intanet ba tare da sun kai ga kwamfutarka da fayilolinka ba.