Cutar lalacewar gaba da gefen ƙwaƙwalwa da tasirinta a kan magana

Cutar lalacewar gaba da gefen ƙwaƙwalwa, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan FTD, rukuni ne na cututtuka da ke cinye ƙwayoyin jijiya sannu a hankali a sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi da kuma sassan da ke gefe, daura da kunnuwa. Ana lissafa ta cikin cututtukan mantuwa, amma ba da mantuwa take farawa ba. Mai ɗauke da ita kan tuna abin da ya faru jiya, ya kuma gane hanyar gidansa, alhali maganarsa ko halinsa sun riga sun sauya. Galibi tana bayyana tsakanin shekara 45 zuwa 65, lokacin da mutum yake tsakiyar aiki da ɗawainiyar iyali. Da yake a yawancin mutane ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe, wurin da cutar ta fara taɓawa shi ke nuna irin matsalar maganar da za ta biyo baya.

Tarihin gano ta

Ta hanyar harshe aka fara gane wannan cuta. A shekarar 1892 likita Arnold Pick na birnin Firag ya ba da rahoton wani dattijo mai shekara 71 wanda kalmomi suka riƙa kuɓuce masa a hankali, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa sai aka tarar gefenta na hagu ya motse fiye da sauran. Muhimmancin rahoton shi ne ya nuna cewa lalacewar da ke tafiya sannu sannu tana iya tsayawa a sashe ɗaya ta lalata aiki ɗaya, abin da a da ake dangantawa da toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ko rauni a kai. A 1911 Alois Alzheimer ya ga wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyin jijiyar irin waɗannan majiyyata, kuma wajajen shekarun 1920 aka soma kiran cutar da sunan Pick.

Bayan haka batun ya yi kwantai na shekaru masu yawa a Turai, ana jingina yawancin irin waɗannan majiyyata ga cutar Alzheimer. A Japan kuwa, Tsuneo Imura ya bayyana a 1943 wasu majiyyata da suka rasa ma'anar kalmomi: suna iya karanta haruffan kana, masu wakiltar sauti, amma suna tuntuɓe a kan kanji, waɗanda karanta su yake buƙatar sanin ma'ana. Aikin nasa bai samu kulawar da ta kamace shi a wajen ƙasarsa ba sai daga baya. A 1975 Elizabeth Warrington ta Landan ta kwatanta mutane uku da sanin abubuwa ya gushe musu, sannan a 1982 Marsel Mesulam a Amurka ya wallafa bayanin majiyyata shida da maganarsu ta yi ta lalacewa tsawon shekaru ba tare da sauran hankalinsu ya taɓu ba. Masu bincike a Lund ta ƙasar Suwidin da Mancesta ta Ingila sun fitar da ƙa'idojin gane cutar a 1994. Rabe-raben nau'o'in matsalar magana da ake aiki da su yau an tsayar da su a 2011, ƙarƙashin jagorancin Maria Luisa Gorno-Tempini.

Nau'in da ke ɗauke ma'ana

Wannan nau'i yana farawa ne daga gaban sashen gefe na hagu. Majiyyaci yana magana tiryan-tiryan, da nahawu daidai da murya lafiya lau, har baƙo ba zai yi zargin komai ba, sai dai maganar ba ta da nama: sunayen abubuwa sun koma "abin nan" da "wancan". Ɓacewar tana bin tsari. Idan aka nuna masa hoton raƙumin dawa zai iya cewa doki ne, bayan shekara ɗaya ya ce dabba, daga baya ya ce wani abu ne kawai. Kalmomin da ba a cika amfani da su ba su ne ke fara tafiya.

Alamar da ta fi bambanta shi da mantuwar suna irin ta kowa ita ce tuni ba ya amfani. Idan aka ce masa "miƙo guduma", zai iya maimaita kalmar sarai, sannan ya tambaya, "Mene ne guduma?" Da tafiya ta yi nisa, ko an ɗora masa ita a hannu ba zai san aikinta ba. Idan lalacewar ta fi yawa a dama, fuskokin mutane ne ke fara ɓace masa. Sinadarin furotin mai suna TDP-43, wanda aka gano alaƙarsa da cutar a 2006, shi ake samu ya taru a ƙwaƙwalwar yawancin masu wannan nau'i, kuma ba kasafai ake gadon nau'in ba.

Nau'in da ke ɗaure baki

A nan majiyyaci ya san abin da yake son faɗa, fitar da shi ne ke gagara. Lalacewar tana bayan sashen goshi na hagu, inda ake tsara motsin harshe da leɓɓa. Magana takan fito da ƙyar, gaɓa bayan gaɓa, sautuka su karkace, ƙananan kalmomin da ke ɗinke jimla kuma su zube, ya zama maimakon "yaron ya tafi makaranta jiya" sai a ji "yaro… makaranta… jiya". Yana gane kalma ɗaiɗaya, amma doguwar jimla mai sarƙaƙiya takan rikita shi. Wasu sukan ce "e" alhali "a'a" suke nufi, kuma wajibi ne mai jinya ya san wannan kafin ya yanke hukunci a kan amsar da aka ba shi. Da yawa sukan kai ga daina magana gaba ɗaya. Wani furotin mai suna tau aka fi samu ya taru a ƙwaƙwalwa a nan, kuma taurin jiki ko yawan faɗuwa kan biyo baya.

Akwai nau'i na uku, mai yawan tsayawa neman kalma da kasa maimaita jimla. Yawanci cutar Alzheimer ce ke haddasa shi, don haka masana da dama ba sa sanya shi a wannan rukuni.

Nau'in da ke sauya hali

Wannan shi ne mafi yawa, kuma nahawu da kalmomi kan daɗe lafiya a cikinsa. Ladabin zance ne ke lalacewa. Majiyyaci kan katse mutane, ya faɗi abin kunya a bainar jama'a, ya ɗauki gatse da habaici a kan zahirinsu, ya kasa karanta ɓacin rai a fuska ko a murya. Wani ya kama jimla ɗaya ko labari ɗaya yana ta maimaitawa, wani ya riƙa mayar da abin da aka faɗa masa, wani kuma ya yi shiru sai an tambaye shi. Iyali kan ɗauka wulaƙanci ne ko taɓin hankali, shi ya sa ake daɗewa ba a gano cutar ba.

Gado

Kusan kashi ɗaya cikin uku na majiyyata suna da wani mai irin cutar a danginsu. Ƙwayoyin gado uku aka fi sani: MAPT da aka gano alaƙarsa da cutar a 1998, GRN a 2006, da C9orf72 a 2011.

Kulawa

Har yanzu babu maganin da ke tsayar da cutar, kuma magungunan Alzheimer ba sa taimakawa. Abin da ya fi amfani shi ne aikin ƙwararrun gyaran magana: sake koyar da kalmomin da mutum ya fi buƙata ta amfani da hotunan kayansa na gida, haddace gajerun jimlolin yau da kullum, da haɗa littafin hotuna ko manhajar waya tun yana iya koyon amfani da su. Ana shawartar iyali su yi gajerun jimloli, su kashe rediyo ko talabijin lokacin hira, su jira amsa ba tare da ƙarasa masa magana ba.

Sanannun majiyyata

Iyalan ɗan wasan fim na Amurka Bruce Willis sun sanar da matsalar maganarsa a 2022, sannan a Fabrairun 2023 suka bayyana cewa FTD ce. Wasu masana na ganin ita ce ta kama mai tsara kiɗa ɗan Faransa Maurice Ravel, wanda ya rasu a 1937, amma ba a yi ittifaƙi a kan haka ba.