Raunin Wulaƙanci a Zukatan Matasan Zango

A aikina na jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Kumasi, iyaye daga unguwannin Zango na Aboabo da Asawase sukan kawo mini 'ya'yansu da kuka iri ɗaya: yaro ya daina barci, ya zama mai saurin fushi, ko ya faɗa shan tiramol. Akwai wani saurayi da sai a zama na huɗu ya buɗe baki. Yana murza hularsa a hannu, kansa a sunkuye, ya ce duk inda ya je neman aiki yakan ɓoye sunan unguwarsu, domin tun yana firamare ake kiransa "pepeni", kalmar raini da ake jifan 'yan arewa da ita, kuma ya san yadda fuska ke sauyawa idan ya ce shi ɗan Zango ne. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko aljanu ne, na ce mata, "Hajiya, wulaƙanci ne ya taru a zuciyarsa."

Wannan rauni ba yau ya fara ba. A 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana, aka kwashe mutane da yawa daga zangonni, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Dattawa da dama ba sa son tayar da zancen, amma fargabar a ce maka baƙo ne a ƙasar haihuwarka ta gangaro har kan jikoki. A ganina, 'yan matan da ke shafa man bilicin, duk da cewa tun 2016 hukuma ta haramta mai ɗauke da sinadarin haidurokinon, suna fama ne da wani reshe na wannan ciwo, wato jin cewa yadda Allah Ya halicce su bai isa ba.

Akwai hanyar magani ta tattaunawa mai zurfi, wadda ta samo tushe daga aikin Sigmund Freud, wani likita ɗan Ostiriya, inda matashi ke zama da ƙwararre mako-mako, yana faɗin duk abin da ya zo masa, har a gano tsohon ciwon da ke juya halinsa ba da saninsa ba. Sau da yawa yakan ɗora wa mai sauraron nasa fuskar malamin da ya taɓa muzanta shi, ya yi ta jiran raini, kuma daga nan ainihin aikin yake farawa, domin a wannan karon za a saurare shi har ya gama. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik wanda ya wakilci gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya a Accra a 1960, ya nuna yadda mutumin da aka daɗe ana rainawa yake komawa yana raina kansa. Saboda haka ina roƙon abokan aikina kada su kauce wa zancen ƙabila, addini da launin fata, ko su ce wa yaro zato ne kawai yake yi.

Iyaye kuma, idan kun ga alamun nan, ku haɗa addu'a da asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare sirrin majinyaci, kuma akwai sashen kula da wannan lalura a asibitin Komfo Anokye. Ku nemi ma'aikacin da ke jin Hausa idan yaron ya fi sakewa da ita.